Kafin Ki Ce Injin Gyaɗar Ya Yi

Daura, ranar Alhamis bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran ta sai da Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ki kin sauka lafiya, kin samu ɗakin kwana, kin kuma sa wani abu a cikinki wanda ba biskit ba. Allah ya tsare ki a kan hanya da inda kika sauka, ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan zama masu amana, ya raba ki da sharrin mota da sharrin mutum. Ummanki zan ba takardar, na ce ta cusa ta can ƙasan jaka a ƙarƙashin kayan sawa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa da ni.

Kin san ba na son rubutu. Ido ya yi rauni, hannu kuma ya saba da sifana, biro ba ya zama a cikinsa. Amma magana da ke baki da baki ta fi ƙarfina yanzu. Kafin in gama haɗa zance ɗaya kin jero naki, kuma duk a kan hanya suke, sai in ji na gaji in ce "to, shi ke nan", alhali ba shi ke nan ba ne. Haka aka yi shekaranjiya a tsakar gida. Kin tashi kina ganin na yarda, ni kuwa numfashi kawai na tsaya ja. A takarda dai babu mai katse ni.

Maganar injin ce, injin fitar da man gyaɗa da kika zana a ƙarshen digirinki na farko, wanda malaminki ya sa a cikin binciken digiri na biyu da za ki fara yanzu. Kin ce ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikin tana so a kai shi ƙauyukan Zango kafin a fara cirar gyaɗa, kuma jira ake ki isa ki faɗa wa malaminki cewa gwaji ya kammala, injin ya yi. Kin ce na farko gidan Gwaggo Indo za a kai, ƙanwata, tunda ita ce shugabar mata masu ƙuli-ƙuli a garinsu. Ni kuma na ce kada ki faɗi haka tukuna. Ban ce injin ba shi da kyau ba. Ya fi duk abin da na taɓa ƙerawa kyau, kuma ba don ke 'yata ce na faɗa ba. Cewa na yi bai kai a tafi a bar mata da shi su kaɗai ba.

Kin ba ni hujjojinki. Kin ce kun je kun tambayi mutane sun ce sun gamsu, kun gwada shi a jami'a bai tsaya ba, kuma bel ɗin yana da murfi. Har kin nuna mini abin da za ku karanta, yadda ake gano bukatar mai amfani da kaya, da yadda ake auna ƙarkon inji, da haɗarin da ke tattare da shi. Na ji daɗi da aka mayar da wannan abu karatu. Da an koya mana shi a zamaninmu, wataƙila da yanzu ina kwance a tabarma ina sauraron rediyo maimakon wannan dogon rubutu. Mu a jikin mutane muka koye shi, kuma ba mu nemi izininsu ba. Ki yi haƙuri ki karanta yadda abin ya faru da ni, daga farko.

Tun kafin a haife ki, na buɗe garejina a nan Daura, da takardar difloma a jikin bango, ina jin kaina ba kaɗan ba. Na tashi ina kallon kakarki tana fama da gyaɗa: ta soya, ta murje, ta kai markaɗe, ta dawo ta zuba a turmi tana juyawa da ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta durƙusa tana matsewa. Kafaɗunta sun lalace a kan wannan aiki. Sai na ce ni zan kawo ƙarshensa. Na ƙera inji mai matse gyaɗa har sai ya tsotse ɗigon man ƙarshe. Wata ƙungiya ta gani ta yaba, aka ɗora shi a a-kori-kura muka nufi wani ƙauye gaba da Zango.

Mai gari ya tara mazan garin a ƙofar gidansa. Aka miƙo gyaɗa daga cikin gida ta zaure, na tayar da inji, mai ya dinga zuba garai-garai a cikin kwano. Kowa sai "madalla" da "Allah ya yi albarka". Na juya ina share hannu na ce, "To jama'a, akwai abin da za a gyara?"

Mai gari ya ce, "Haba Malam Haladu! Ka taso tun daga Daura ka kawo mana abu har ƙofar gida, sannan mu ce da gyara? Ai mu sai godiya."

Na dawo gida kaina ya kumbura. Ban tsaya na lura ba cewa a cikin waɗanda suka yi mini madallar nan babu ko ɗaya da ya taɓa murza ƙuli-ƙuli. Masu aikin suna bayan katanga, ban ga fuskarsu ba, ban ji muryarsu ba.

Bayan damina na koma in ga yadda ake ciki. Na tarar da injina a zauren mai gari, an rufe shi da tsohuwar tabarma, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Na tambaya, mai gari ya ce, "Lafiyarsa lau, adana shi muke yi kada ya lalace." Ko a ranar bai yarda ya ɓata mini rai ba. Ni kuma da wautata na dawo ina cewa mutanen ƙauye ba sa son ci gaba.

Ummanki ce ta kawo mini gaskiyar. Ta je suna a garin, ta dawo, ina cin tuwo ta zauna gefe ta ce, "Malam, matan can sun ce a gaishe ka. Sun kuma ce injinka ɓarawo ne."

Na ajiye loma na ce, "Me ya sata?"

Ta ce, "Tunkuza. Ya tsotse ta tas, tana fitowa busasshiya kamar ɓawon itace. Ba ta murzuwa, ba ta soyuwa, sai dai a zuba wa awaki. Sun ce man ai kuɗin gyaɗar da suka saya yake mayar musu. Ƙuli-ƙulin shi ne nasu, da shi suke sayen sabulu da omo da takalman yara. Kai ka ba su mai ka ƙwace musu sana'a."

Tuwon nan ban ƙarasa shi ba. Ni da na girma a gindin turmin uwata, na ci ƙuli-ƙulinta har haƙorina ya gutsure, ban taɓa tambayar kaina me ya sa take barin sauran maiƙo a jikin tunkuza ba. Ina ganin ƙarfinta ne ya gaza. Ashe da gangan take bari.

To Uwata, kin ce kun tambayi mutane. Kin nuna mini hoton a wayarki. Ƙofar gidan mai gari ce, an jera benci, ga malaminki da babbar riga, ga motar ƙungiya a baya, mata kuma suna can gefe a tsugune. Na san wannan zaman, na yi irinsa. Mutanenmu ba sa kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, balle a gaban mai gari, balle kuma an ce musu 'yar gida ce ta yi. Ko ruwan zafi kika kai musu a kwalba kika ce magani ne, za su karɓa da hannu biyu su sa miki albarka, in kin tafi su zubar a bayan ɗaki. Ba munafunci ba ne, kara ce, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Amma wanda ya ɗauki karar nan ya rubuta ta a matsayin sakamakon bincike, ya yaudari kansa.

Ke kina da abin da ni ban taɓa samu ba. Duk tsawon aikina a zaure nake tsayawa. Ke kuwa sallama kawai za ki yi ki wuce har madafa. Ki je ba mota, ba takarda a hannu, ba malami a bayanki. Ki zauna ki taya su murza, ki yi shiru har su manta da ke. Ƙorafin mata ba ya fitowa in an tambaye su, yana fitowa ne a hirarsu da junansu, lokacin da hannu ke aiki. In ma za ki yi tambaya, kada ki ce ko yana da kyau. Ki tambayi wace rana ce suka bar shi suka koma turmi, kuma me ya faru a ranar.

Bari in ci gaba, don labarin bai ƙare a zauren mai gari ba. Da ma ya ƙare a nan.

Na koma gareji na sake ƙera wani. Wannan ba ya matsa, juya ƙullun gyaɗa yake yi yadda hannu ke juya shi a turmi, mai ya taso, tunkuza ta fito da laushinta. Naki ma haka yake aiki, sai dai ya fi nawa tsari nesa ba kusa ba. Mata suka so shi, aka riƙa aikowa daga Zango, daga Dutsi, har wajen Mashi. A lokacin ban san cewa injin da aka ƙi shi ne mai sauƙi ba, tunda yana zaune a zaure ba ya taɓa kowa.

Na gwada shi a gareji kafin in fitar, kwana da kwanaki yana aiki bai yi tari ba. Amma da me na gwada shi? Gyaɗar da Ummanki ta tsince a faifai, fetur daga gidan mai, daɓen siminti a miƙe, ni kuma ina tsaye a kansa da sifana a aljihu. A ƙauye gyaɗa tana zuwa da yashi. Fetur na kwalba ne daga bakin hanya, Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa a ciki. Ƙasa ba a daidaice take ba, inji ya yi ta girgiza har bel ya saki, ya zame daga kan wilinsa, a yini ɗaya ba a ƙirga sau nawa. Boris ɗin da na sa, wanda wili ke juyawa a kansa, kuma irin wanda sai Kano ake samu ne. Injin ba ya mutuwa sai da kaka, lokacin da gyaɗa ta cika gida kuma kowace mace ta riga ta soya tata. A zamanin babu waya a hannun kowa, sai a ba mai babur saƙo ranar kasuwa. In hau nawa babur ɗin in kama hanya. Wannan bayan da kike ji ina kuka da shi in zan tashi daga sallah, a hanyoyin nan na baro lafiyarsa.

Don haka da kika ce bai tsaya ba a jami'a, na yarda, ban musa ba. Sai dai ba a jami'a zai zauna ba. Ki gwada shi da gyaɗar da ba a tsince ba, da fetur na kwalba, a tsakar gidan da awaki ke wucewa. Ki kira mai gyaran babur na garin ki nuna masa cikinsa. Duk abin da ya ce ba zai iya gyarawa da kayan da ke akwatinsa ba, ki ɗauka ranar da ya lalace injin ya mutu ke nan, don ke kina aji a can, ni kuma ba zan ƙara hawa babur zuwa Zango ba. Na gaji, Uwata, kunnuwana ma ƙarar inji ta cinye rabinsu.

Yanzu maganar murfi. A nan na fi so ki rage gudu.

Nawa ma yana da murfi a kan bel. Na yi shi da ƙarfe mai kauri, na shafa masa koren fenti, na ɗaure shi da notuna ta kowane gefe don kada ya yi ƙara. Ina alfahari da shi, don injinan niƙa na lokacin duk a buɗe suke. Abin da ban yi tunani ba shi ne bel ɗin nan yana zamewa kullum. In ya zame sai an nemo sifana, a kwance notuna, a mayar da bel, a sake ɗaurewa, ƙullu kuma yana hucewa, in ya huce mai ba ya tasowa. Da farko suna mayarwa yadda na nuna. Daga baya sai a ɗan maƙala shi da noti ɗaya. Daga nan sai aka jingine shi a bango. Akwai gidan da na je na tarar ana shanya kuɓewa a kai.

Na yi faɗa. Na tsaya a zaure ina ɗaga murya don na ciki su ji, na ce lallai a mayar. Aka amsa daga ciki, "To Malam, in sha Allahu." Na karɓi murfin na ɗaure da hannuna, na hau babur na tafi, raina a kwance wai na faɗa musu. Na kuma ce kada wanda ya taɓa bel sai an kashe inji. Ban tambayi kaina me ya sa ba sa kashewa ba. Injin igiya ake ja ya tashi, kuma da fetur na kwalba sai ka ja ka ja har kafaɗa ta ƙage. Matar da ta tashi tun asuba tana suya, ga goyo a baya, ga kasuwa gobe, ba za ta kashe abin da ba ta da tabbacin zai sake tashi ba. Sai suka koyi mayar da bel yana gudu, da ɗan kara ko da yatsa. Kuma duk lokacin da na zana injin nan a kaina, mutumin da nake gani a gefensa namiji ne da riga mai gajeren hannu irin tawa. Ban taɓa tsayawa a gabansa da mayafi a jikina ba.

Gwaggonki Indo tana cikin waɗanda suka fara samu, tunda ƙanwata ce, na ga ta fi kowa cancanta. Wata rana bayan azahar, jajibirin kasuwarsu, bel ya zame. Ta sunkuya za ta mayar, bakin mayafinta ya shiga wili. Ta kai hannu za ta fizgo shi, hannun ya bi. Kin san hannun. Da shi ta riƙa kama ki tana ɗora ki a baya, da yatsun da suka rage take murza miki ƙuli-ƙuli mai zobe in kin je hutu. Kin taso kin gan shi haka, har kin daina ganinsa. Ni har yau in ta miƙo mini kwano sai na kau da ido.

Da aka kawo ta asibiti a nan Daura, na shiga na tsaya daga bakin gado. Ita ce ta fara magana, da muryar da ta dishe don kuka. Ta ce, "Yaya, kada ka sa wa ranka komai. Injin ba shi da laifi, ni ce ban kula ba."

Mijinta ya ce ƙaddara ce. Dangi suka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ban taɓa jayayya da ita ba. Amma notunan nan ni na zaɓe su, ni na ɗaure su, kuma na ga murfin a jingine da idona tun kafin ranar. Babu wanda ya taɓa ɗaga mini murya a kan wannan abu, ko sau ɗaya. Da an zage ni da wataƙila na sauke shi. Yafiyar da aka yi mini tun ban roƙa ba ita ce ta gajiyar da ni fiye da duk hanyoyin da na bi a babur.

Littattafanku za su sa ki jera haɗarin da ke cikin inji, ki auna wanda ya fi kusa da wanda ya fi muni. Ki yi, abu ne mai kyau. Amma in kin zo rubuta mai aiki da shi, ki rubuta ta yadda take, a gajiye, cikin sauri, da yaro yana jan zaninta, da hijabi har ƙasa. Kada ki rubuta ta yadda kike so ta zama. In kika ga kin rubuta cewa mai aiki ya kashe inji kafin ya taɓa bel, sannan kika ji hankalinki ya kwanta, to ki sani kanki kika kare, ba ita ba. Duk kariyar da ke ɓata wa mai aiki lokaci, cire ta za a yi, ko yau ko gobe, kuma wanda ya cire ba mugu ba ne.

Jiya da hantsi, ban faɗa miki ba, na lallaɓa na je wurin mai waldar da ke haɗa miki wanda za a kai Zango. Na zagaya shi, na shafa shi, na duƙa na leƙa ƙarƙashinsa duk da gwiwata. Aiki ya yi kyau, wallahi har na ji ƙwalla. Sannan na zo kan murfin bel. Ƙarfensa ya fi nawa, fentinsa ya fi nawa, kuma da notuna aka ɗaure shi ta kowane gefe. Sai na nemi benci na zauna. Mai walda ya ce, "Baba lafiya dai?" Na ce masa rana ce ta buge ni.

Gyaran ba gagarumi ba ne. Murfi ne mai buɗewa kamar ƙyaure, da 'yar sakata, wanda ba ya fita daga jikin injin ko an so a cire shi. Sai kuma wani hannu daga waje da za a riƙa ja a ɗaure bel ko a sassauta shi ba tare da yatsa ya kusanci wili ba. Ke kin fi ni sanin yadda za a zana shi, ni yanzu layi ɗaya biyu nake ganinsa. Amma kafin a zana, a ƙera, a gwada a tsakar gida da gyaɗa mai yashi, kakar bana ta wuce. Na san wannan, kuma na san shi ne abin da ba kya so ki ji.

Ba zan ɓoye miki abin da zai iya biyo baya ba. Malaminki ya riga ya yi wa ƙungiya alkawari, an sa ranar taro, wataƙila har an gayyaci manya. Ke sabuwa ce, kuma mace a cikin maza. Za a samu mai cewa tsoro ne ya kama ki, za a samu mai cewa kin cika iyayi. Zai yiwu a karɓe aikin a ba wani wanda bakinsa ya fi saurin cewa to. Ba ni da kowa a can, ba ni da abin da zan kare ki da shi. Ina kwana ina tashi da wannan, don na san irin wahalar da kika sha kafin ki samu gurbin nan, kuma ba na so a ce ni na ɓata miki.

In za ki faɗa masa, ki same shi shi kaɗai a ofis, ba a gaban ɗalibai ba. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki bari ya gama abin da yake yi. Kada ki ce Babana ya ce, don ba zancen uba da 'ya ba ne, kuma zai ga kamar tsoho ne ke riƙe ki. Ki ce gwaji bai kammala ba saboda ba a yi shi a inda injin zai zauna ba. Ki roƙi a ba ki kakar bana da inji ɗaya a gida ɗaya, kina zuwa kina tsaye a kansa. Ai wannan ma bincike ne, kuma shi malami ne, zai yiwu ya fi ni gane amfaninsa. In ya ƙi, to kin faɗa, kuma kada ki bari a rubuta da sunanki cewa ya yi.

Na yi ƙoƙarin in tare abin ta can gefen, don kada nauyin duka ya zama a kanki. Jiya da yamma, da Gwaggo Indo ta zo yi miki sallama, bayan kin shiga ciki, na raka ta inda masu babur ke tsayawa. A hanya na ce, "Indo, in aka kawo injin nan, ku bar shi tukuna sai an gyara murfin."

Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, na Zulai ne fa! 'Yarmu ta yi abu da kanta mu ce da gyara? Ai har na faɗa wa Kulu ita za ta riƙa tsayawa a kansa, tunda ni hannuna ba ya riƙo."

Kulu dai autarta, sa'arki, wadda kuka riƙa kwana a tabarma ɗaya in kin je can, wadda yanzu take da jariri a baya. Na buɗe baki zan ƙara magana, Indo ta riga ta hau babur tana gyara mayafi, ta ce in gaishe da mutanen gida.

Ba za su faɗa miki ba, Uwata. Ba za su faɗa wa malaminki ba, ba za su faɗa wa ƙungiya ba, ni ma da nake yayanta ba ta saurare ni ba. Za su karɓa da guɗa saboda naki ne. In kuma abin da nake tsoro ya faru, Allah ya kiyaye, za ki shiga ɗakin asibiti ki tarar da Kulu ta riga ta shirya miki maganar da za ta kwantar miki da hankali. A duk mutanen da ke cikin wannan aiki, ke kaɗai ce za ki iya buɗe baki ki ce bai yi ba tukuna.

Hannuna ya gaji, ga shi ana kiran magariba. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya ba ki ƙarfin zuciya a ranar da za ki tsaya gaban malaminki, ya sanyaya ransa a kanki. Allah ya tsare hannuwanki da hannuwan duk wadda za ta tsaya a gaban abin da kika ƙera. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ummanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haladu.